Muhammadu Bello

Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (an haife shi a shekarar 1781, ya rasu a watan Oktoba na shekarar 1837) malami ne, marubuci, jagoran yaƙi, kuma Sarkin Musulmi na biyu a Daular Sakkwato. Ya yi shekara 20 yana mulki, daga 1817 zuwa 1837. Shi ne ya gina birnin Sakkwato a shekarar 1809, kuma shi ne ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, wanda kufansa yake cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni ta jihar Sakkwato a yau. An san shi da yawan karatu da son tara littattafai, kuma littattafai da wasiƙun da ya rubuta da Larabci sun haura 100, a fannonin tarihi, mulki, fiƙihu, sufanci da magani.

Tasowa da karatu

Bello ya taso a Degel, mazaunin malamai da ke ƙarƙashin sarautar Gobir, inda mahaifinsa ya kafa tsangayarsa. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Laƙabin Bello daga Fulatanci yake, ma'anarsa mataimaki, kuma sunan ya dace da aikin da ya yi wa mahaifinsa tun yana saurayi. A Degel yaro yakan tashi da harsuna uku a bakinsa: Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa da wajen wa'azi, Larabci kuma a kan allo da takarda. Ga kuma Buzaye da ke zuwa karatu ko fatauci da nasu harshen.

Manyan malamansa 'yan gida ne. Ya karanci tafsiri da hadisi da tauhidi a wurin mahaifinsa, nahawu da lugga da balaga kuma a wurin baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ba a samu kamarsa a ilimin Larabci a wannan yanki a zamaninsa ba. Ya kuma yi karatu a hannun yayansa Muhammadu Sa'adu. Tsarin karatun shi ne wanda har yanzu ake bi a makarantun zaure: bayan sauke Alƙur'ani sai ɗalibi ya ɗauki littafi ɗaya, ya zauna gaban malami yana karantawa ana fassara masa kalma bayan kalma, in ya sauke ya ɗauki na gaba. A fiƙihu ana farawa da Ahalari da Ishmawi, a wuce Risala, a tsaya a Muhtasar na Halilu. [A nahawu] akwai Ajurumiyya da Alfiyya ta Ibn Malik, a yabon Annabi akwai Ishiriniya da Ashafa ta Alƙali Iyal, a tafsiri Jalalaini, a hadisi Buhari. Don gogewa a lugga kuwa ana karanta waƙoƙin Larabawan jahiliyya da Maƙamatul Hariri.

Wannan na ƙarshen shi ne mafi kusa da ƙagaggen labari a cikin kayan karatun zamanin. Labarai ne 50 na wani tsoho mai suna Abu Zaidi, gwanin baki kuma mazambaci, wanda yake sauya kama daga gari zuwa gari yana damfarar mutane, wani lokaci har a gaban alƙali, sai mai ba da labarin ya gane shi bayan aikin gama ya gama. Malamai don kalmomi masu wuya suke karantar da shi, amma ɗalibai da daɗin labarin suke tafiya. Kusan shekara 100 bayan rasuwar Bello, Abubakar Imam ya ɗebi wasu dabarun wannan littafi ya gina Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934.

Littafi a wancan zamani

Babu injin ɗab'i a ƙasar Hausa a lokacin Bello. Duk littafin da mutum ya mallaka, da hannu aka kwafe shi, da alƙalamin kara da tawada, a kan takardar da fatake suka kawo daga Turai ta hanyar Tarabulus da Agadas. Ba a ɗinke warƙoƙin, a ware suke, sai a haɗa su tsakanin bango biyu a ɗaure, a sa a gafaka. Wanda yake son littafi sai ya aro shi ya kwafa, ko ya biya magwafi, ko ya jira alhazan da ke dawowa daga Makka da Masar. Gobara ɗaya ko gara tana iya cinye aikin shekaru.

A irin wannan hali ne ruwayar da ta shahara a Sakkwato take cewa Bello ya karanta littattafai 20,000. Ya kamata a tuna cewa abin da ake kira littafi a lokacin yakan zama 'yar risala ce mai warƙa biyar ko goma, amma ko da haka adadin yana nuna irin sunan da ya yi a idon mutanensa. Abin da ya fi adadin tabbas shi ne sawun karatun da ake gani a cikin rubutunsa.

Marubutan da ya fi komawa gare su

Malaman Sakkwato uku, Shehu da Abdullahi da Bello, rijiya ɗaya suka sha, amma kowa da inda ya fi karkata. Shehu ya fi ba da ƙarfi ga aƙida da gyaran al'ada. Abdullahi ya fi zurfi a lugga da shari'a da tafsiri. Bello kuwa ya fi son tarihi, da dabarun tafiyar da mulki, da ilimin magani, wato fannonin da mai riƙe da ƙasa yake buƙata kullum.

A sha'anin mulki ya bi sawun Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, malamin Tilimsan da ya zauna a Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, ya kuma amsa tambayoyin Askiya Muhammadu na Songhai. Amsoshin nan su ne suka ba malaman jihadi hujjojin da suka kafa a kan sarakunan Hausa. Akwai kuma Jalaluddin as-Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, mutumin da ya yi rubutu a kusan kowane fanni kuma ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha. Wanda ya dubi jerin rubuce-rubucen Bello, gajeru da dogaye, kowanne da tambayar da yake amsawa, zai ga kama da tsarin Suyuɗi.

A tarihi ya dogara da Ahmad Baba na Tumbuktu (1556 zuwa 1627), wanda ya tattara tarihin malaman mazhabar Malikiyya, kuma daga wurinsa Bello ya samo labaran malaman farko na yammacin Afirka. A sufanci yana girmama Shehu Muhtar al-Kunti, babban malamin Ƙadiriyya na Sahara da ya rasu a 1811. Ya kuma karanci Sifatus Safwa na Ibn al-Jauzi na Bagadaza, littafin tarihin bayin Allah, inda ya tsamo labaran mata salihai ya rubuta Kitabun Nasiha. Wannan littafi ne ya ba ƙanwarsa Nana Asma'u, ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa don matan da ba su iya Larabci ba, ta ƙara da sunayen matan gidansu da na ƙasarsu. Ta wannan hanya karatun da aka yi a Bagadaza a ƙarni na 12 ya shiga bakin matan ƙauyukan Rima.

Jihadi da faɗuwar Alƙalawa

Dangantakar jama'ar Shehu da fadar Gobir ta yi daɗi a zamanin Bawa Jan Gwarzo, ta fara tsami a zamanin Nafata, ta lalace a zamanin Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Bello yana da kimanin shekara 23 a lokacin. Ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda jama'ar suka yi nasara a kan rundunar Yunfa. A ƙarshen shekarar suka kai wa Alƙalawa hari ba su ci ba, aka kuma yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa. Bello da kansa ya rubuta cewa mutum wajen 2,000 suka rasa a can, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. A 1805 suka sake shan kashi a Alwasa kafin su tsaya da ƙafafunsu a Gwandu.

Daga nan Bello ya zama wanda ake aikawa wajen shugabannin jama'a na gabas. Shi ya sadu da su a Birnin Gada, ya karanta musu saƙon Shehu, ya karɓi mubaya'arsu a madadinsa. A watan Oktoba na 1808 ya jagoranci harin ƙarshe a kan Alƙalawa tare da Aliyu Jeɗo da Namoda. Birnin ya faɗi, aka kashe Yunfa. A shekarar da ta biyo baya ya fara gina Sakkwato a kan tudun da ke kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Da Shehu ya raba kula da ƙasa a 1812, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas.

Zargin lalata littattafai

Abin da ya fi taɓa sunan Bello a matsayin mai son karatu ya zo ne daga Borno. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, malamin da ya tsaya wa Mai na Borno bayan masu jihadi sun ci Birnin Gazargamu a 1808, ya shiga musayar wasiƙu da Sakkwato, yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da suke salla da azumi. A ganinsa saɓo da bin wasu al'adu ba su fitar da mutum daga Musulunci. A cikin tuhume-tuhumen da ya jero har da cewa mayaƙan jihadi suna yaga littattafai suna watsar da su a kan hanya da cikin ƙazanta, alhali akwai sunan Allah a ciki.

Bello ne ya ɗauki nauyin yawancin amsoshin, kuma bai musa cewa abin ya faru ba. Ya ba da labarin wani gari da suka ci, ya ga iska tana kwasar takardu tana zubarwa a ƙasa, ya yi ta tsincewa har ya gaji, ya koma masauki ransa a ɓace. Da ya tara mutane ya bincika, sai aka ce masa rigimar ganima ce ta jawo haka, kuma ƙananan mayaƙa ne suka aikata. Ya ce ya tsawatar, kuma laifin jahilan runduna ba hujja ba ce a kan manufar jihadin.

Masana tarihi da dama suna haɗa wannan labari da 'Yandoto, tsohon garin malamai a kudancin ƙasar Katsina, wanda yanzu yake jihar Zamfara. Malaman garin sun ƙi bin Shehu, sun ƙi ma zama da Bello a yi muƙabala, shi kuwa ya ci garin da yaƙi. Amsar da ya ba al-Kanemi ta wanke niyyarsa, amma ba ta dawo da littattafan ba. Abin lura shi ne wasiƙun al-Kanemi sun iso hannun masu karatu na yau ne saboda Bello ya kwafe su a cikin littafinsa kafin ya amsa su, har da wuraren da suka fi yi masa zafi.

Infaƙul Maisuri

Littafin shi ne Infaƙul Maisuri fi Tarihi Biladit Takruri, wanda ya kammala a 1812. Ya buɗe shi da bayanin ƙasashen Sudan tun daga gabas har yamma, da mutanensu da malamansu, sannan ya shiga tarihin Shehu da yaƙe-yaƙen jihadi, waɗanda da yawansu da idonsa ya gani. Shi ne tushe mafi girma na tarihin wannan zamani, ko da yake labari ne na ɓangaren da ya yi nasara, kuma Gobirawa suna da nasu labarin a bakin maroƙa da masu tarihin fada.

A cikinsa ya kawo ruwayar asalin Hausa Bakwai, inda ya ware Gobirawa ya ce su asalinsu daga Ƙibɗawan Masar ne, maganar da ta yi daidai da abin da Gobirawa ke faɗa game da fitowarsu daga gabas. Ya kuma yi bayanin ƙasar Yarabawa da asalinsu. An fassara wannan yanki da Turanci a cikin littafin tafiyar Denham da Clapperton na 1826, daga can kuma Samuel Johnson ya ɗauko shi a cikin tarihin Yarabawa da aka buga a 1921. E. J. Arnett ya fitar da fassarar littafin da Turanci a 1922, C. E. J. Whitting ya buga matanin Larabcin a Landan a 1951, Sidi Sayuɗi Muhammad da Jean Boyd kuma suka mayar da shi Hausa a 1974.

Hawa mulki da rikicin Abdussalami

Shehu ya rasu a Sakkwato ranar 20 ga Afrilu 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Abdullahi, wanda ya taso daga Boɗinga, ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya. Baffa da ɗa ba su shirya ba sai bayan 'yan shekaru, lokacin da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, a nan Abdullahi ya yi masa mubaya'a.

Tawaye ya tashi ta ko'ina bayan rasuwar Shehu, amma wanda ya fi nauyi shi ne na Abdussalami, Ba'are, ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu da ba Fulani ba. Harin da Gobirawa suka kai wa mutanensa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka haddasa hijira tun farko. Bayan nasara sai ya ga an ba shi ɗan yanki kaɗan a Kware, manyan ƙasashe kuma sun tafi hannun dangin Shehu da manyan Fulani. Ya rubuto wa Bello yana zargin shugabanni da zalunci da cin dukiyar jama'a, har ya zana taswirar yadda aka raba ƙasa yana tambayar inda rabonsa yake. Ya kuma buɗe hulɗa da waɗanda Sakkwato take yaƙa. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da raunin kibiya, ya rasu a Bakura.

Bello ya rubuta littafi a kan wannan, Sardul Kalam, kuma tsarinsa kamar na takardun shari'a ne: ga abin da ya faru, ga wasiƙar wanda ake tuhuma, ga amsa, ga hujja daga littattafan fiƙihu, ga hukunci. Shi ne mai ƙara kuma shi ne alƙali, don haka mai karatu zai yi hattara. Duk da haka, kamar yadda ya yi da al-Kanemi, ya bar muryar abokin hamayyarsa a cikin littafin, kuma da ita masana na yau suke auna koke-koken waɗanda suka ga jihadin bai cika musu alkawari ba. Ɗan Abdussalami, Buhari, daga baya ya yi mubaya'a, shi ne ya kafa Jega.

Clapperton da kyautar littattafai

A watan Maris na 1824 Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Birtaniya ɗan Sikotilan, ya iso Sakkwato ta hanyar Tarabulus da Kukawa da Kano. Ya kwatanta Bello da mutum mai kwarjini, dogo, mai gajeren gemu baƙi da manyan idanu, sanye da shuɗiyar riga da farin rawani. Tambayoyin da Sarkin Musulmi ya yi masa sun ba shi mamaki. Ya tambaye shi ko Ingilishi Nasɗurawa ne ko wata ɗariƙar Kirista ta daban, har baƙon ya amsa cewa iliminsa na addini bai kai nan ba. Da aka nuna masa taswirar sama, ya gane buruji 12 da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Ya kuma ɗauko zancen harin da jiragen ruwan Ingila suka kai wa Aljazair a 1816 da yadda suka mamaye Indiya, abin da ke nuna cewa labarin duniya yana iso masa ta bakin fatake da alhazai, kuma yana lissafi da shi.

Ya fito da wasu littattafan Turanci na Manjo Denham, abokin tafiyar Clapperton, waɗanda suka faɗa hannun Fulani a wani hari da Denham ya bi a ƙasar Mandara a 1823. Ya tambayi abin da kowanne ya ƙunsa, ya sa aka karanta masa don ya ji amon harshen, sannan ya mayar da su. Clapperton ya tambaye shi labarin Mungo Park, wanda ya halaka a Kwara wajen Busa a 1806. Bello ya san maganar. Ya ce da baƙon ya zo da damina da ya wuce duwatsun, ya ce wani ɗan'uwansa yana da ƙaramin littafi bugun inji da aka ciro daga jirgin, sauran kuma suna hannun Sarkin Yawuri, ya yi alkawarin nema. Ya zana wa baƙon taswirar ƙasarsa da kogin, ya kuma ba shi wasiƙa zuwa ga Sarki George na Huɗu yana neman a aiko masa da jakada da likita.

Clapperton ya dawo a 1826 ta bakin teku. A watan Oktoba ya tarar da Bello a sansanin yaƙi a bakin ganuwar Konya, inda Gobirawa suka mayar da fadarsu, ya kuma ga harin da aka kai wa garin bai yi nasara ba. A Magariya ya miƙa kyaututtukan da ya kawo, ciki har da littattafan Larabci bugun inji: littafin lissafi na Iƙlidis, littafin Ibn Sina, tarihin Tatar a zamanin Taimur, da Zabura da wasu sassan Baibul. Wanda ya fi faranta wa Bello rai shi ne na Iƙlidis. Ya ce dā yana da kwafinsa da wani ɗan'uwansa ya kawo daga Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidansa a shekarar da ta gabata.

Ziyarar ba ta ƙare da daɗi ba. Sakkwato tana yaƙi da Borno a lokacin, Clapperton kuma yana ɗauke da wasiƙa da makamai zuwa ga al-Kanemi. Bello ya ƙwace su, ya hana shi wucewa. Clapperton ya kwanta ciwo, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827, yaronsa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye kusa da gari.

Yadda yake rubutu

Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna a Sakkwato ya rubuta tarihin sarakunanta na farko, ya ce Bello ba ya rabuwa da rubutu. In ya gama littafi sai ya fitar da shi a karanta wa jama'a, ya kama wani. In an yi masa tambaya sai ya amsa da littafi, in ya ji mutum biyu sun yi saɓani a kan wata mas'ala sai ya rubuta risala a kanta. Ya kuma ce daga gumin kansa yake ci, ba ya taɓa baitulmali don bukatar gidansa.

Haka yawancin littattafansa suka samu. Usulus Siyasa amsa ce ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, inda ya jero ginshiƙan mulki bakwai, ya kuma ɗora wa shugaba nauyin samar da masu sana'a, gina kasuwanni da hanyoyi da ganuwa. Ya rubuta wa Yakubun Bauchi amsoshin tambayoyinsa. Ya rubuta wa jagoran Buzaye Muhammadu al-Jailani a kan amfanin zaunar da makiyaya a gari. A fannin magani yana da Ujalatur Rakib da Al-Mawaridun Nabawiyya, da risala a kan ciwon basur, da wata a kan amfanin filasko, da wata a kan ciwon ido. A cikinsu yakan haɗa abin da ya karanta a littattafan ɗibbun Nabawi da itatuwan da ake samu a ƙasarsa.

Iyakar Gobir

Cin Alƙalawa bai kawo ƙarshen Gobir ba. Sarakunanta sun yi ta sauya mazauni a kwarin Rima, suna haɗa kai da Katsinawan Maraɗi da wasu Buzaye, kuma kusan kowace rani sai Bello ya fita yaƙi ta wannan fuska. Maganin da ya samo daga karatunsa na tarihin Musulunci shi ne ribaɗi, wato garin tsaro mai ganuwa a bakin iyaka, inda ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma. Ya rubuta littafi a kan falalar zaman ribaɗi, ya sa 'ya'yansa da 'yan'uwansa a irin waɗannan garuruwa, shi kansa ya bar Sakkwato ya tare a Wurno. Ya matsa wa Fulani makiyaya su zauna, su koyi noma da karatu, su yi kiwon dawaki saboda yaƙi. Yawancin aikin gona a kewayen waɗannan garuruwa bayin da aka kamo a yaƙi ne suke yin sa, kuma wannan ɓangare ne na mulkinsa da littattafan yabo ba su cika tsayawa a kai ba.

A 1836 aka yi karon ƙarshe a Gawakuke. Bello ya fuskanci haɗin gwiwar Sarkin Gobir Ali, da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, da Ibra shugaban Buzaye. Ya yi nasara, aka kashe Ali da Rauda, an kuma kashe mutane masu yawan gaske. Alhaji Umaru al-Futi, malamin Tijjaniyya da ya zauna shekaru a Sakkwato ya auri 'yar Bello, yana cikin rundunar. Gobirawan da suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarƙashin Mayaƙi, kuma can ne gadon sarautar Gobir yake a Jamhuriyar Nijar har yau.

Garuruwa biyu na gabashin jihar Sakkwato suna ɗauke da ragowar wannan tarihi. Isa ta zama garin tsaro a hannun gidan Bello, ɗansa Aliyu Ƙarami ya riƙe ta kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1866. Sabon Birni kuwa wani ɗan sarautar Gobir ne, Ɗan Halima, ya kafa ta bayan ya ɓata da Tsibiri, da yardar Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866. Shi ya sa ake da Sarkin Gobir na Isa da Sarkin Gobir na Sabon Birni, sarauta ɗaya a suna, gida biyu a asali.

Rasuwa da zuriya

Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837 yana da kimanin shekara 56, aka binne shi a can, kuma hubbarensa wurin ziyara ne. Ƙanensa Abubakar Atiku ne ya gaje shi. Wazirinsa kuma amininsa Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, ya rubuta tarihinsa a cikin Al-Kashfu wal Bayan, Asma'u kuma ta yi masa marsiyya. Bayan rasuwarsa an yi jayayya a kan ko ya karɓi Tijjaniyya a hannun Alhaji Umaru, maganar da mabiya Umaru suka yaɗa, gidan waziri kuma ya musa.

Huɗu daga cikin 'ya'yansa sun zama Sarkin Musulmi: Aliyu Babba, Aliyu Ƙarami, Abubakar Atiku na Raɓa da Mu'azu. Firimiyan jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, tattaɓa-kunnensa ne ta wajen Atiku na Raɓa. An sa sunansa a babban masallacin Sakkwato, da masallacin Sultan Bello na Kaduna, da wani ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Ibadan. Kwafe-kwafen littattafansa na hannu suna ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan, wasu kuma suna hannun gidajen malamai, ana ci gaba da karanta su a zaure.